Ba Netwok Ba Ne: Wa Ke Ƙirga Kofunan Uwar Garke?

 

A kakar bara 'yar ƙanwata ta samu gurbin karatu a wata babbar makaranta. Ranar da za a rufe rajista ta zo ta same ni da takardunta a cikin leda, muka tafi wani ɗan kafe a nan cikin garin Dutsi. Shago ne ƙarami, kwamfutocin cinya biyu, firinta ɗaya, da fanka mai aiki da sola tana kaɗa iska mai ɗumi. Yaron shagon ya shigar da lambarta, ya danna. Ɗan zoben nan ya kama juyawa a tsakiyar fuskar kwamfuta, ya yi ta juyawa har na gama amsa gaisuwar mutum biyu da suka shigo bayanmu. Can sai fuskar ta yi fari fat, ba komai a kanta sai lamba 502 da wani ɗan rubutu a ƙasa. Ya sake. Wannan karon 503.

Yarinyar ta dube ni ta ce, "Kawu, ko netwok ne?"

Yaron ya girgiza kai. Ya ce, "Baba, ba netwok ba ne. Duba ka gani." Ya buɗe YouTube a kan kwamfutar nan dai, bidiyo ya tashi nan take ba ko tsayawa. Ya ce, "Namu lafiya lau. Can wurinsu ne ya cika."

Mun zauna a bencin nan har aka kira la'asar. Akwai wani dattijo da ya kawo ɗansa tun daga wajen Shargalle, ya biya kuɗin mota zuwa, ga na komawa yana jiransa, bai samu abin da ya kawo shi ba. A ƙarshe muka bar wa yaron takardu. Sai wajen ƙarfe biyu na dare, lokacin da sauran jama'a suka gaji suka kwanta, shafin ya buɗe masa ya gama mata rajistar. Maganar nan tasa, "can wurinsu ne ya cika", ita ce ta hana ni sakat, kuma a kanta nake so mu yi magana yau. Mene ne ya cika? Kuma wa aka ɗora wa alhakin ya ga yana cika tun kafin ya tumbatsa?

Duk shafin da ka buɗe a wayarka, na makaranta ne, na banki ne, na neman aiki ne, akwai wata kwamfuta a wani wuri da ke amsa maka. Masu sana'ar suna ce mata saba, marubutanmu na fannin kimiyya kuma suka raɗa mata uwar garke, kuma sunan ya dace da ita. Tana iya kasancewa a wani ɗaki a cikin makarantar, tana iya zama ta haya a wata cibiya a Legas ko Abuja, ko irin cibiyar da kamfanin Galaxy Backbone ya gina a Kano, ko ma a Turai. Ko'ina take, kwamfuta ce irin wadda muka sani, sai dai ba ta barci.

Wanda ya taɓa sayen wayar hannu ya ji mai shago yana cewa, wannan ram ɗinta huɗu ne, ma'ajiyarta sittin da huɗu. Abu biyu ne mabambanta. Ma'ajiya ita ce inda hotuna da waƙoƙi ke kwana, ko an kashe waya suna nan. Ram kuwa filin aiki ne. Duk abin da na'ura ke yi a wannan daƙiƙar a can take baza shi, da an kashe ta kuma ya share. Yana da sauri ƙwarai, yana da tsada, shi ya sa kullum kaɗan ne.

Don mu fahimci abin sosai, mu je teburin mai shayi na bakin tasha. A ce yana da kofuna ɗari. Duk wanda ya zauna a benci sai an ba shi kofi ɗaya, ya sha, ya ajiye, yaro ya ɗauka ya ɗauraye ya mayar kan tebur. Muddin ana sha ana ajiyewa, kofuna ɗari za su shayar da mutum dubu kafin hantsi. Madara da suga da ganyen shayi suna nan jibge a sito, wannan ita ce ma'ajiya. Amma komai cikar sito, in kofi ya ƙare, wanda ya zo sai ya tsaya. Kofunan nan su ne ram. Kowane ɗalibi da ya danna maɓalli a kafe, kofi guda yake karɓa a wurin uwar garke.

Kofuna suna ƙarewa ta hanya biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko kowa ya san ta: motoci uku sun sauke fasinja a lokaci guda. Wannan ita ce ranar rufe rajista, ranar fitowar sakamako, ranar biyan albashi. Mun ga irinta a faɗin ƙasa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, manhajojin bankuna suka yi ta sarƙewa, mutum ya sayi buhun masara ya tsaya gaban mai kaya yana jiran alat har rana ta faɗi.

Ta biyu ita ce mai ban tsoro, don ba ta da hayaniya. Mai shagon kusa ya aiko a kai masa shayi, aka kai, kofin bai dawo ba. Gobe mai faci ya karɓi ɗaya, shi ma shiru. Kullum ɗaya ko biyu suna salwanta, mai shayi bai lura ba, don a ranakun da ba cunkoso kofuna sittin ma sun ishe shi. Sai ranar kasuwa ta zo, ya waiwaya ya ga saura talatin. Masu rubuta manhaja suna kiran wannan yoyon ram. Manhaja ta karɓi wuri ta yi aiki, ta gama, amma saboda wani kuskure a rubutunta ba ta sake shi ba. Kaɗan ne a kowane karo, amma ana yi sau dubbai a rana.

Abin da nake so mai saurare ya riƙe shi ne, duka biyun ana ganinsu tun daga nesa. Ruwa ba ya tsami banza. Uwar garken da ta faɗi ranar Alhamis da azahar, mafi yawan lokuta ta fara nuna alama tun Litinin, ba a dai samu mai dubawa ba ne. Ba na cewa duk shafin da ya ƙi buɗewa ram ne ya ƙare masa. Wani lokaci rumbun bayanai ne ya yi nauyi, wani lokaci an sa sabon gyara ne ya zo da kuskure, wani lokaci wuta ce kawai aka ɗauke janareto bai tashi ba. Amma a cikin cututtukan uwar garke, na ram shi ne wanda aunawarsa ta fi sauƙi, kuma kayan aunawar kyauta ne.

Mafi yawan irin waɗannan kwamfutoci suna aiki ne da Linux. A cikinsa akwai wani ɗan umarni mai suna free, haruffa huɗu, ka rubuta ka danna ya faɗa maka nawa ne ram ɗin gaba ɗaya, nawa ke aiki, nawa ya rage. Akwai top, da ƙaninsa htop mai launuka, waɗanda ke jera maka manhajojin da ke gudana, ka tsara su daga mai ci da yawa zuwa mai ci kaɗan. A nan sabon shiga yakan firgita a banza. Zai ga wurin da aka rubuta abin da ba a taɓa ba ya kusa ƙarewa, ya ɗauka an shiga uku. Alhali Linux ba ya son ganin kofi a zaune ba aiki, sai ya riƙa zuba abubuwan da ake yawan nema a ciki don ya miƙa su da sauri, da an buƙaci kofin kuma ya zubar ya bayar. Lambar da za a duba ita ce wadda ke ƙarƙashin kalmar available, wato abin da za a iya samu in an nema yanzu. Tun 2014 aka ƙara wannan ma'auni a cikin Linux, saboda yawan ruɗewar da mutane ke yi.

Bari mu yi ɗan lissafi, irin wanda ya kamata a ce duk mai riƙe da shafin makaranta ya yi shi a bayan ambulan. Shafuka da yawa a ƙasar nan da harshen PHP aka rubuta su, har da Moodle da makarantu ke koyarwa da shi, da WordPress. A tsarin PHP akwai ma'aikata, kowane ɗaya yana sauraron mutum guda a lokaci guda. A ce uwar garken tana da gigabait 8. Ka ware 3 don rumbun bayanai da ita kanta na'urar, saura 5, wato kusan megabait 5,000. In kowane ma'aikaci yana cin megabait 50, ma'aikata 100 ke nan, ba ƙari. In kowace buƙata tana ɗaukar rabin daƙiƙa, za a sallami mutum 200 a daƙiƙa ɗaya, abin ya wadatar. Amma in rumbun bayanai ya yi nauyi har buƙata ɗaya ta koma daƙiƙa 10, mutum 10 kacal ake sallama a daƙiƙa, sauran suna layi. Kofunan ba su ragu ba, masu sha ne suka daɗe a benci. Kuma duk wanda ya gaji da jira ya sake dannawa, ya ƙara tsawon layin ne. Mu da muke kafe ranar nan, da hannunmu muka riƙa ƙara wa abin nauyi ba mu sani ba.

To a nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa. Waya ta dami injiniya, shugaba yana faɗa, sai ya shiga ya mayar da ma'aikata 100 zuwa 300. Yanzu ana neman gigabait 15 a inda 5 ne kawai. Linux zai fara kwashe wasu abubuwa daga ram yana kaiwa faifan ajiya yana dawowa da su, kamar mai shayin da ke aika yaro gida a guje ya ɗauko kofi duk lokacin da baƙo ya zauna. Aiki bai tsaya ba, amma tafiyarsa ta koma ta hawainiya. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai wani ɓangare na Linux da aikinsa shi ne ya zaɓi manhaja ɗaya ya kashe ta don na'urar ta tsira, kuma yakan zaɓi wadda ta fi cin wuri. Sau da yawa wadda ta fi cin wuri ita ce rumbun bayanan kansa, inda sunayen ɗalibai da shaidar biyansu suke. Daga nan sai farin shafi. Linux ba ya yin wannan a ɓoye, yana rubutawa a littafinsa na abubuwan da suka faru cewa ram ya ƙare, ga wadda na kashe, ga lokacin. Rubutun yana nan yana jiran mai karantawa.

Manyan manhajoji irin na bankuna da hukumomi kuma da yawa da harshen Java aka gina su, kuma su labarinsu ya fi kama da na mai shayinmu. Java tana da yaron wanke kofi nata na kanta, wanda ke zagayawa lokaci-lokaci yana tattara wuraren da aka gama amfani da su. Dabarar tsohuwa ce, wani masani Ba'amurke mai suna John McCarthy ya ƙirƙiro ta wajen 1959. Saboda haka in ka zana yadda ram ɗin Java ke tafiya, za ka ga kamar haƙoran zarto: ya hau a hankali, yaro ya zagayo, ya faɗo, ya sake hawa. Hawan ba abin damuwa ba ne. Gindin haƙoran ake kallo. In bayan kowace shara yana dawowa daidai inda yake dawowa jiya da shekaranjiya, lafiya ke nan. In kuwa yau ya dawo kashi 40 cikin ɗari, gobe 46, jibi 52, to akwai kofunan da ba sa dawowa, kuma da alƙalami za ka iya lissafa ranar da za ta faɗi. Kafin ranar ma za a fara jin jiki, don yaron zai riƙa zagayawa ba hutu yana neman abin da zai kwashe bai samu ba, har aikin shara ya cinye lokacin da ya kamata a sallami jama'a. Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa: in ba a faɗa wa Java iyakarta ba, kashi ɗaya cikin huɗu na ram ɗin na'urar kawai take ɗauka. Sai a sayi uwar garke mai gigabait 16 da kuɗi mai yawa, manhajar tana shaƙewa a cikin 4, sauran suna zaune. Layi ɗaya ne a saiti yake gyara wannan.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Ranar Litinin 22 ga Oktoba 2012, wani sashe na cibiyar kamfanin Amazon da ke jihar Bajiniya ta Amurka ya durƙushe, manyan shafuka irin su Reddit suka tafi tare da shi. Da kamfanin ya fitar da bayanin abin da ya faru, sai ga shi yoyon ram ne. A kan kowace uwar garke ta ajiya akwai wata 'yar manhaja da aikinta shi ne ta tattara rahoton lafiyar na'urar ta aika wa wata kwamfuta. Kwamfutar da ake aika wa ta lalace aka canza ta, amma sabon adireshin bai isa ga kowa ba. Waɗanda bai isa gare su ba suka ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, kuma duk ƙwanƙwasawa tana cin ɗan wuri ba ta sakewa. Kwanaki ana haka. Kamfanin da bakinsa ya ce yana auna jimillar ram na kowace na'ura, amma ƙararrawarsa ba ta kaɗa ba, domin waɗannan na'urori dama sun saba amfani da kusan duk ram ɗinsu, jimilla ba ta nuna komai. Gyaran da suka yi alkawari shi ne su riƙa auna kowace manhaja ita kaɗai. Wannan darasi ne mai tsada da aka biya mana kuɗinsa: sanin cewa kofuna sun ragu bai isa ba, sai ka san a shagon wa suke.

Na san abin da wani injiniya zai ce yana saurarena: ai in ta cika kashewa muke yi mu kunna, ta dawo daidai. Gaskiya ne tana dawowa, kuma a tsakiyar cunkoso ni ma ba zan hana ka ba. Amma kashewa da kunnawa ba ta toshe yoyo, tana dai mayar da agogo baya ne, ta kuma share shaidar da za ka gane mai laifi da ita. A watan Janairun 2004 motar binciken nan ta hukumar NASA mai suna Spirit, tana kan duniyar Mars, ta shiga kashe kanta tana kunnawa ba ƙaƙƙautawa. Fayiloli ne suka taru a ma'ajiyarta, jerin sunayensu ya cinye ram, duk tashin da ta yi sai ta sake karanto jerin ta sake shaƙewa. Ba ta warke ba sai da injiniyoyi suka gano tushen abin daga nan duniya suka goge fayilolin. Don haka kafin ka kashe, ɗauki minti ɗaya ka adana abin da top ya nuna. In Java ce, sa ta ta sauke hoton abin da ke cikin ram ɗinta a fayil, akwai saitin da ke sa ta yi haka da kanta a duk lokacin da ta shaƙe. Sai dai a yi hattara da wannan fayil, don a cikinsa akwai sunayen 'ya'yan mutane da lambobinsu, wani lokaci har da kalmomin sirri. Ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan da ta hau kan duk mai riƙe da irinsu.

Ba wanda zai zauna gaban htop dare da rana, kuma ba a bukatar haka. Akwai manhajojin da ke aunawa duk bayan 'yan daƙiƙu suna adanawa, su zana maka tafiyar mako ko ta wata. Zabbix tana nan tun 2001, Prometheus ta samo asali a kamfanin SoundCloud a 2012, Grafana mai zana jadawalin ta fito a 2014, kuma dukkansu ana sauke su ba ko kwabo. Kana iya ce musu, in abin da ya rage ya gaza kashi 20 cikin ɗari har na minti goma, a turo min saƙo a waya. Yadda ɗan kasuwa ke jin alat ɗin kuɗi, haka injiniya zai ji alat ɗin uwar garkensa yana zaune a majalisa bayan isha'i. Amma a daidaita shi da hankali. Ƙararrawar da ke kaɗawa sau talatin a rana kan abin da bai kai ya kawo ba, mako ɗaya ya isa a daina kula ta, ranar da ta faɗi gaskiya kuma ba mai waiwaya.

Yanzu bari in juyo ga waɗanda maganar ta fi shafa, don injiniya ba shi ke sa hannu a takardar kuɗi ba. Yadda muke yi a ma'aikatu da makarantu da yawa shi ne, a ba da kwangilar gina shafi, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hoto, ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi, wani lokaci har da makullin shiga uwar garken a aljihunsa. Ba a ware ko sisi don kulawa ba. Mu da muka san ko injin niƙa sai an duba masa mai kowace safiya, mun yarda na'urar da ke ɗauke da makomar yara dubbai ta yi shekara ba wanda ya leƙa ta. In ta faɗi kuma a fito a ce matsalar netwok ce, kalmar da ba ta da uwa ba ta da uba, ba wanda za a kama da ita.

Ranka ya daɗe shugaban makaranta, ranka ya daɗe babban sakatare, ba sai ka iya Linux ba. Kira mai kula da shafinka ka ce ya nuna maka zanen ram na kwana talatin da suka wuce. In ya buɗe ya nuna maka, ka samu ma'aikaci, ka riƙe shi da kyau ka biya shi hakkinsa. In ya fara kame-kame, ka san ba mai gadi a ƙofar. Tambaye shi wayar wa ke ƙara in abin ya kusa cika da tsakar dare, kuma wa ke karɓa in shi ya yi tafiya. Kafin a buɗe rajista a gwada ta da cunkoson ƙarya, akwai manhajar JMeter ta kyauta da ke kwaikwayon ɗaruruwan mutane suna dannawa a lokaci guda, a ga inda za ta fara nishi tun ba ɗan kowa a layi. In ta haya ce, a ƙara mata ram na mako biyun rajista a rage bayan an gama, ba sai an sayi sabuwar na'ura ba. Abin da ba ya cin ko kwabo kuma shi ne a raba ranaku, wannan tsangaya Litinin, waccan Talata, maimakon a tara kowa a rana ɗaya.

A watan Mayun 2025 mun ga shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu kuskure a wasu na'urorin jarrabawa, wanda ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawar. Wancan ba matsalar ram ba ce, gyara ne da bai isa ga wasu uwayen garke ba. Na kawo shi ne don abu ɗaya da ya burge ni: an bincika, an gano inda abin ya faru, an faɗi adadi, an ɗauki alhaki. Ba a ce netwok ba ne. Ba za a iya yin haka ba sai da bayanan da na'urorin suka adana, da kuma mutanen da suka zauna suka karanta su.

Ga matasanmu kuma, wannan sana'a ce da ba ta bukatar ka bar gida. Uwar garken da ke Legas ana iya duba ta daga Dutsi, in akwai sabis da caji. Muna da masu karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da ta Hassan Usman Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023. Kusan kowa a cikinsu burinsa ya gina sabuwar manhaja, kaɗan ne ke son koyon rainon wadda aka riga aka gina, alhali nan ne aka fi rashin mutane. Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa. Sa mata Linux, ɗora mata ƙaramin shafi, rubuta 'yar manhajar da ke cin ram ba ta sakewa da gangan, ka zauna ka kalli layin yana hawa har Linux ya kashe ta, sannan ka je ka nemo inda ya rubuta. Wanda ya ga wannan sau ɗaya da idonsa ba zai manta kamanninsa ba.

Yaron kafen nan na koma wurinsa bayan sallah ƙarama in buga wata takarda. Na tarar ya samo wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen murfi ya jingina ta da bango, baƙar fuska da koren layi a sama yana motsi. Ya ce, "Baba, ka ga wannan layin? Shi ne nake ce maka ya cika a wurinsu." Yanzu duk ranar da shafin wata makaranta ya ƙi buɗewa, yana ɗaukar hoton fuskar kwamfutar, ya rubuta lambar da ta fito da ƙarfe nawa ne a wani littafi mai bangon shuɗi, ya ba ɗalibin ya kai ofishin rajista. Ku ma masu saurare za ku iya yin haka. In lambar ta fara da 5, irin su 500, 502, 503 ko 504, saƙonku ya isa, can ne aka kasa amsawa, kada ku ƙara sayen data, kada kuma ku yi ta dannawa. Ku ɗauki hoto, ku rubuta rana da lokaci, ku kai wa makarantar, domin da wannan lokacin ne mai gyara zai buɗe littafin na'urarsa ya je daidai layin.